Dirhami mai gicciye a tsakiya

A cikin tsofaffin kuɗin azurfa da masu tara su ke nema ruwa a jallo akwai wani ɗan dirhami, nauyinsa bai kai giram 3 ba sosai. Rubutun Larabci ne gaba da baya, a cikin zane mai kusurwa huɗu da da'ira ta kewaye shi, irin kuɗin Ayyubawa na Dimashƙa. Wanda ya gan shi daga nesa zai rantse na Musulmi ne. To amma a tsakiyarsa ga gicciye. Wa ya buga shi, kuma don me?

Mai karatun Larabci zai fara neman kalmar shahada a inda aka saba sa ta. Babu. Abin da ke wurin ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ne, da cewa Allah ɗaya ne. Ashe Kiristoci ne suka rubuta aƙidarsu da harshen maƙwabtansu.

Gefen kuɗin ya ƙara haske. An rubuta cewa a Akka aka buga shi, shekara ta 1251, kuma ƙidayar Miladiyya ce, alhali dirhami da Hijira aka san shi. Akka a lokacin ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta Turawan yaƙin gicciye a gaɓar Sham.

Saura babbar tambaya: me ya hana su Latin, harshen cocinsu? Amsar tana cikin wasu dirhamai da suka girme shi. Masana sun lura da kuɗi masu sunan az-Zahir Gazi, ɗan Salahuddin, sarkin Halab, amma shekarun da ke jikinsu sun biyo bayan rasuwarsa a 1216. Mamaci ba ya buga kuɗi. Turawan ne suke kwaikwayo, da shahada da sunan Annabi da komai, domin fatake a kasuwannin Sham dirhamin da suka sani suke karɓa. Ciniki ya sa suka riƙa buga kalmar addinin da suka zo yaƙa, kuma shekara da shekaru ba wanda ya hana.

Sai a 1250 Sarkin Faransa Luwis na 9 ya iso Akka bayan ya sha kashi a Masar. Tare da shi akwai wakilin Fafaroma, Eudes de Châteauroux. Da ya ga abin da ake bugawa ransa ya ɓaci, ya kai ƙara wurin Fafaroma Innocent na 4, aka haramta, da barazanar kora daga coci. Masu bugun kuɗi suka shiga tsaka mai wuya. Dabarar da suka yi ita ce su bar siffa da haruffa yadda idon ɗan kasuwa ya saba, su sauya ma'anar kawai. Ni dai wannan hikima tana burge ni, don ta nuna mutanen da suka zauna da maƙwabta har suka san abin da zai karɓu.

Sai dai ba ta ɗore ba. Idan aka jera samfuran, za a ga wani gicciyensa babba, wani ƙarami, wani babu shi sam, alamar cewa kasuwa ba ta yi na'am da shi ba. Cikin 'yan shekaru aka koma kwaikwayon dirhamin Dimashƙa. Gajartar zamaninsa ce ta sa mai gicciyen ya yi wuyar samu, ya kuma yi tsada a hannun dillalan tsofaffin kuɗi.