Wasan Jifan Faifai: Saiti Ya Fi Ƙarfi

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga birnin Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, a lokacin da aka gama kai amfanin gona gida, zai ga fili fetal dama da hagun, ba abin da ke tare ido sai gawo da tsamiya da dogonyaro jefi-jefi. In ya ƙara lura, zai ga yara ba su da aikin da ya fi jifa. Wannan yana jifan kanya da guntun icce, wancan ya bi zomo da kere, wani kuwa ya faki idon uwarsa ya ɗauke faifan da ta rufe ƙwarya da shi, ya cilla sama don ya ga yadda yake shawagi, ko da ya san faɗa na jiransa a gida.

To, akwai wani wasa a ƙasashen Turawa da aka gina bisa wannan jifa da hannun yaron ƙauye ya riga ya saba da shi. Su suna ce masa dis golf, watau golf na faifai. Shi golf na asali, wanda waɗansu ke kira ƙwallon lambu, 'yar ƙwallo ce ake bugawa da sanduna har ta faɗa rami. Akwai filayensa a Jos da Kaduna da Kano, amma wasa ne na masu hali, gama sandunan da tsada, filin kuma kullum yana son gyara. Na faifai kuwa da hannu ake jifa, ba ya son ciyawa, ba ya son ban ruwa, itatuwan da ke cikin fili ma su ne gishirin wasan. Baƙo ne a ƙasar Hausa, amma da wuya a sami baƙon wasan da ya dace da ranin ƙasar Sakkwato kamarsa. A makarantar da ke da ƙwallon ƙafa guda, yara 22 ne ke wasa, saura sai kallo. A wannan kuwa kowa da faifansa, babba da yaro, mace da namiji, har da wanda ba ya iya gudu.

Asalin wasan

An ruwaito cewa wajen shekarar 1926 waɗansu 'yan makaranta a wani ƙauyen manoma mai suna Bladworth, a ƙasar Kanada, sun riƙa jifan itatuwa da turakun shinge da marufan gwangwani, suna ƙirga jifan kowa. A 1957 kamfanin Wham-O na Amurka ya fara sayar da faifan roba na wasa, wanda ya shahara da sunan Frisbee. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Ed Headrick, shi ne ya tsara wa wasan fili na dindindin na farko a 1975, a wani dandali da ake kira Oak Grove, kusa da garin Pasadena na jihar Kalifoniya. A wannan fili turaku kawai aka kakkafa ana jifa. A 1976 ya kafa ƙungiyar PDGA, wadda ke kula da dokokin wasan, a 1977 kuma ya sami takardar mallakar wani kwando da ya ƙirƙira mai sarƙoƙi, wanda ya raba gardamar ko faifai ya taɓa turke ko bai taɓa ba. An fara gasar duniya a 1982, wani Ba'amurke mai suna Ken Climo ya ci ta har sau 12. Yau filayen wasan sun kai dubbai a Amurka, ya kuma kafu ƙwarai a ƙasar Finlan da maƙwabtanta.

Yadda ake yinsa

Ana raba fili zango-zango, galibi 9 ko 18. Kowane zango yana da matsaya, inda ake jifan farko, da kuma kwando, inda ake son faifai ya ƙare. Kwandon na ƙarfe ne, an kafa shi a jikin turke, bakinsa ya kai wajen ƙugun babban mutum, a samansa kuma sarƙoƙi ne ke reto. In faifai ya bugi sarƙoƙin, sai su kashe masa gudu ya faɗa ciki.

Mai wasa zai tsaya a matsaya ya yi jifa. Inda faifan ya kwanta, nan zai je ya sa ƙafa dab da bayansa ya sake jifa, haka har ya shiga kwando. Ana ƙirga kowane jifa guda. Bayan an zagaye zangunan duka sai a haɗa lissafi, wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci. Kowane zango kuma yana da ma'auni, watau yawan jifan da ake sa ran gwani ya gama da shi, mafi yawa uku.

Dokokin da sabon shiga ke bukata ba su da yawa. Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, kowa kuma ya tsaya a bayansa. Wanda ya fi kowa ƙarancin jifa a zangon da aka bari shi ke buɗe na gaba. In faifai ya fita iyakar da aka shata, kamar ya faɗa hanya ko tabki, sai a ci mai shi tarar jifa ɗaya. In ya ɓace, ana nemansa minti uku, in ba a gani ba a sake jifa daga inda aka yi, da tarar jifa ɗaya. Wanda ya matso cikin mita 10 daga kwando, watau kamar taku goma sha uku, ba shi da izinin faɗawa gaba bayan ya saki faifai, sai ya nuna ya tsaya da ƙafafunsa. Ba a karya reshe ko a tuge tsiro don a buɗe wa faifai hanya.

Faifan da ya dace da mai koyo

Faifan wasan na roba ne, faɗinsa bai gaza santimita 21 ba, nauyinsa kuma bai wuce giram 200 ba. Iri uku ne. Akwai na nesa, mai siririn baki kamar an wasa shi. Akwai na tsakiya. Akwai na kusa, mai kaurin baki da zurfin ciki, wanda ake sakawa kwando da shi. Nan ne sabon shiga ke fara tuntuɓe, gama idonsa kan na nesa yake faɗawa. Shi kuwa na nesa an ƙera shi ne don hannun da ya ƙware. In bai sami gudun da yake so ba, sai ya karkace tun da wuri ya kife gefe, mai shi ya yi fushi ya ce wasan ba shi da daɗi. Mai koyo ya riƙe faifai guda, na kusa ko na tsakiya, marar nauyi, ya zauna da shi har ya san halinsa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Riƙo da jifa

Abin da ke hana faifai kifewa a sama shi ne juyawa. Kowa ya yi wasan katantanwa ya san wannan: muddin tana juyi tana tsaye, juyin na mutuwa sai ta kwanta. Haka faifai yake. Saboda haka aikin mai jifa shi ne ya ba shi juyi mai kyau, ya kuma sake shi a shimfiɗe.

Yatsu huɗu su shiga ƙarƙashin baki su kama shi, babban yatsa ya danne daga sama. Riƙon ya yi ƙarfi, amma damtse ya saki. Mai jifa da dama ya tsaya a kaikaice, kafaɗarsa ta dama na duban inda yake so faifan ya je. Ya miƙa hannun baya, ya juyar da ƙugu da kafaɗa tare da shi, sa'an nan ya jawo faifan a miƙe ta gaban ƙirjinsa, kamar yadda mai lambu a fadama ke fizgar igiyar injin ban ruwa. Nauyin jiki ya tashi daga ƙafar baya ya koma ta gaba, faifan ya fizge da kansa daga yatsu, hannun kuma ya ci gaba da tafiya har ya ƙare zagayensa. Ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake fitowa, hannu bulala ce kawai. Kada mai koyo ya ɗauko gudu daga nesa tukuna, a tsaye ake koyon wannan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaga goshin faifai. Da zarar gabansa ya fi bayansa tsawo, sai iska ta shiga cikinsa, ya yi sama ya tsaya cak, ya sulmiyo kusa da mai shi. A riƙa auna jifa daidai ƙirji, kamar ana son faifan ya bi bisa doguwar tabarma. Mai karatu ya kuma sani, faifan da aka jefa haka da hannun dama, in gudunsa ya ƙare, hagun yake lanƙwasawa, na bahago kuwa dama. Wannan halinsa ne, ba laifin hannu ba. Gwani yakan auna dama da kwando kaɗan, ya bar faifan ya komo da kansa.

In an matso kusa, sai a canja tsayuwa. A fuskanci kwando, ƙafa ɗaya gaba, a zaɓi zobe ɗaya a cikin sarƙoƙin a ƙura masa ido, a turo faifan daga wajen ciki a miƙe, kamar mai miƙa wa wani faranti. A nan ake cin wasa, a nan kuma ake faɗuwa, gama jifan taku biyar da na taku ɗari duk ɗaya ake ƙirga su.

A ɗauka ga zango mai mita 80, da tsamiya a tsakiya. Wani ƙaƙƙarfan saurayi ya zage ya yi jifa, faifan ya bugi tsamiya ya koma gefe. Ya sake zagewa, ya wuce kwando ya faɗa cikin ƙaya. Kafin ya fito ya saka, ya yi biyar. Wani dattijo kuwa ya jefa mita 40 ta gefen itacen, ya ƙara 35, ya miƙa na uku cikin kwando. Dattijo ya ci. A 2016 wani Ba'amurke, David Wiggins, ya jefa faifai mita 338 da taimakon iskar hamada, amma ba da irin wannan jifa ake cin zango ba.

Iskar hunturu

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take busowa, kuma ita ce babbar malamar mai wasa a wannan ƙasa. In ta fuskanci mai jifa, takan ɗaga faifai ta juyar da shi, sai a yi jifa ƙasa-ƙasa. In tana bayansa, takan danne faifan ya faɗi da wuri, sai a ɗan ɗaga. In daga gefe take, kada a nuna mata cikin faifan, don za ta kwashe shi kamar yadda take kwashe ƙaiƙayi ranar shiƙa. Kafin jifa a ɗebi 'yar ƙasa a saki, a ga inda ta nufa. In bazara ta yi kuwa, a yi wasa da sassafe ko da la'asar sakaliya, kada kuma a bar faifai cikin rana, gama zafi na lanƙwasa roba.

Haƙƙin mutane

Faifai yana da gudu, yana iya fasa goshi. Ba a jifa muddin akwai mutum ko dabba a gaba, in kuma ya kuɓuce ya nufi wani, a ɗaga murya a ce hattara. A nisanci hanyar mota da bakin rijiya da burtali. Gona tana da mai ita ko da rani ne, sai a nemi izninsa da na mai gari, ruwa na sauka kuma a bar masa wurinsa. A sa takalmi saboda tushiyar kara da ƙaya. Har wa yau, wasan galibi ba shi da alƙali. Kowa shi ke faɗin jifansa, abokan tafiya su shaida. Wanda ya rage ɗaya a lissafi, ko ya matsar da ƙafa gaba don ba a kallo, ya ɓata wasan ga kowa.

Yadda za a fara

Mutanen Shagari sun san abin da malamin makaranta ke iya zama, tun da Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, da koyarwa ya fara. Wannan aiki ma a hannun malamai yake. Malami a Shagari ko Boɗinga, ko Sifawa ko Dancadi, ba sai ya jira kwando daga Turai ba. Ya zaɓi itatuwa 9 a filin makaranta ko bayan gari, tsakanin kowace matsaya da itacenta taku 50 zuwa 80, ya tsara su yadda jifan wani zango ba zai ratsa wani ba. Ya ɗaura tsumma biyu a jikin kowane itace, ɗaya daidai ƙugu ɗaya daidai kafaɗa, ba tare da buga ƙusa ko sassaƙe ɓawo ba. Faifan da ya bugi tsakanin tsummokin ya shiga. In ba a sami faifan wasa ba, murfin bokitin roba ya isa a fara da shi, amma ban da na gwangwani, saboda kaifin bakinsa. Ya raba yara huɗu-huɗu, kowane rukuni da takarda da fensir na lissafi. In wasan ya karɓu, mai walda na gari zai iya haɗa kwando da bututun ƙarfe da gindin durom da sarƙa. Sauran kuma sai yawan jifa, yau da gobe. Allah ya ba mai rabo sa'a.