Raba Aikin Karatu Tsakanin 'Yan Makaranta: Darasi Daga Zaurukan Zazzau

Duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Kuyambana da sassafe, ranar da ake makaranta, zai ga ayari biyu na masu neman ilmi. Ga yara maza da mata sanye da kayan makaranta suna ta sauri kada a rufe musu ƙofa, ga kuma magidanta da samari rungume da littattafai suna komowa daga zaurukan malamai, inda suka ɗauki karatu tun bayan sallar asuba. Dukansu karatu suka fito nema, amma yadda ake zama a ba su karatun ya sha bamban ƙwarai. A zaure kowane ɗalibi sai ya buɗe baki an ji muryarsa kafin ya tashi. A ajin makarantar boko kuwa, yaro yana iya share mako guda bai furta kalma ɗaya ba face amsa sunansa lokacin kiran rajista.

Laifin ba na malami kaɗai ba ne. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma tun watan Satumba na 1976, da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yawan yara ya riƙa rinjayar yawan azuzuwa da malamai. A ce aji yana da yara 60, darasi kuma minti 40 ne. Ko da malam bai ce uffan ba, daƙiƙa 40 kacal kowane yaro zai samu. Saboda haka sai malam ya karanta, aji ya amsa gaba ɗaya, sa'an nan ya kira uku ko huɗu na layin gaba su maimaita, sauran su yi zugum har a kaɗa ƙararrawa. Ta haka ake samun yaron da ya iya furta baƙi tiryan-tiryan, amma in an tambaye shi me ya karanta sai ya sunkuyar da kai. Wannan yaro kuwa shi ne gobe za a miƙa wa takardar umarni a ofis, ko takardar magani a asibiti, a ce ya karanta ya aikata.

Yadda dabarar take

Masana harkar koyarwa a ƙasar Amurka sun daɗe suna neman maganin wannan cuta. A 1984 waɗansu mata biyu masana, Annemarie Palincsar da Ann Brown, suka bayyana wata hanya inda yara ke karɓar matsayin malami bi da bi, suna yin abubuwa huɗu a kan abin da aka karanta: yin tambaya, warware abin da ya shige duhu, taƙaita bayani, da kintacen abin da zai biyo baya. A 1994 kuma wani malami a birnin Shikago, Harvey Daniels, ya wallafa littafin da ya yaɗa abin da za mu iya kira da'irar karatu. Watau a kasa aji ƙungiya ƙungiya, yara huɗu zuwa shida, su karanta littafi ɗaya, a kuma ɗora wa kowane yaro wani aiki takamaimai da zai zo da shi wurin tattaunawa.

In za a kawo abin gida, ba sai mun ari sunaye daga waje ba, gama Bahaushe gwanin naɗa sarauta ne. Ga Madugu, uban tafiya, wanda zai zo da tambayoyi biyu ko uku ya kuma tabbata kowa ya sa baki. Ga Mai Jan Baƙi, wanda zai zaɓi wurin da ya fi ratsa shi a cikin babin ya karanta a bayyane, ya faɗi dalilin zaɓensa. Sarkin Kalmomi shi zai tsinto kalmomi masu wuya da karin magana ya nemo ma'anarsu, ko a ƙamus ko a bakin kakarsa. Mai Kwatance zai nemo inda labarin ya yi kama da abin da ke faruwa a unguwarsu. Magatakarda kuwa shi zai taƙaita abin da aka karanta, ya rubuta abin da ƙungiya ta cim ma, ya gabatar wa aji. In yaran shida ne, na shidan ya zama Mai Zane, ya zana wani abu daga labarin, 'yan'uwansa su faɗi abin da suka gani kafin shi ya yi bayani.

A sake duba lissafin nan na farko. Aji mai yara 60 ya zama ƙungiya 10. In aka ba su minti 20 na tattaunawa, kowane yaro zai sami fiye da minti uku yana magana, kuma maganar da ya shirya ce tun daga gida. Har ila yau, inda babu halin kowa ya mallaki littafi, kofe 10 sun isa aji ya fara, maimakon 60.

Abin da Zazzau ta riga ta sani

Wanda ya tashi cikin birnin Zariya ba zai ji wannan baƙon abu ba. Garin da ake wa kirari da birnin ilmi, wanda ɗalibai ke zuwa daga nesa don karatun nahawu da lugga a unguwanni irin su Juma da Kona, ya daɗe da sanin cewa malami ɗaya ba ya ɗaukar nauyin karatu shi kaɗai. A makarantar allo gardi ne ke biya wa ƙolo. A wurin tafsiri mai jan baƙi daban, mai fassara daban, kowa da gurbinsa. A makarantar zaure ɗalibi ne ke karanta matanin littafinsa, ko Ahalari ne ko Risala ko Ajuruma, malam yana fassarawa, sauran suna saurare suna ƙaruwa da karatun da ba nasu ba. In an tashi kuma, sai ka ga ɗalibai biyu ko uku sun koma gindin bango suna bita, wanda ya fi ganewa yana warware wa ɗan'uwansa. Wannan bita ita ce ainihin da'irar karatu, sai dai ba a tsara ta a takarda ba.

Amma fa akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. A zaure ana karanta littattafan da hukuncinsu ya riga ya tabbata, aikin ɗalibi shi ne ya karɓa daidai ya riƙe amana. A darasin adabi kuwa ana so yaro ya auna abin da ya karanta, ya faɗi ra'ayinsa, ya kawo hujja daga cikin littafi, ya kuma jure ɗan'uwansa ya saɓa masa ba tare da faɗa ba. Abin da za a ara daga zaure shi ne tsarin zama da ladabinsa, da kuma imanin cewa ɗalibi yana iya amfanar ɗalibi.

Littattafan gwaji ma suna nan a ƙofar gida. A Zariya ne Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. A ɗauki Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Labari ne na attajiri Malam Shehu da ya auri Zainab, yarinyar da Abubakar ke nema, Abubakar ya bazama neman hanyar ramuwa, sharrin kuma ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren. In malam ya tambayi aji sunan mijin Zainab, amsa ɗaya ce, an gama. In kuwa Madugu ya tambayi 'yan ƙungiyarsa wa ya fi laifi tsakanin Malam Shehu da Abubakar da iyayen yarinya, to, magana ta tashi. Mai Kwatance zai tuna wani aure da kuɗi suka raba a danginsu, Mai Jan Baƙi zai koma shafi ya nemo wurin da zai kare ra'ayinsa. Yaron da ya koma shafi da kansa don ya ci gardama, lalle ya fara karatu na gaskiya.

Inda ake tuntuɓe

Kada a ɗauka da an raba muƙamai shi ke nan. Shi kansa Daniels, a bugu na biyu na littafinsa a 2002, ya gargaɗi malamai a kan dogara ga takardun raba aiki fiye da kima, domin an ga yara suna zuwa kowa ya karanto abin da ya rubuta ya yi shiru, babu mai amsa wa wani. Muƙaman nan kamar tsani ne na magini, ana janye shi in gini ya tsaya. Bayan 'yan makonni, in yara sun saba, sai a sassauta, a bar su su tattauna yadda magana ta zo.

Wajibi ne kuma muƙamai su riƙa zagayawa. In aka bar yaro mai kaifin baki ya dawwama a kan Madugu, an koma gidan jiya, an sami ƙaramin malami da 'yan amshi biyar. Yarinya mai kunya, da yaron da bai ƙware da karatu ba, su ne suka fi bukatar ranar da za a ce yau su ke da magana. Kunya ado ce a wurinmu, amma yarinyar da aka ɗora wa aiki tana da hujjar buɗe baki, ba wanda zai ce ta yi rashin ta ido.

Sai batun hayaniya. Ƙungiya 10 suna magana lokaci guda, tilas a ji su daga ofishin shugaban makaranta, kuma sufeton da bai san dawan garin ba zai iya rubuta cewa malam ya kasa riƙe aji. Ya kamata shugabanni su san abin da ake yi tun kafin a fara. Inda bencina ba su juyuwa, inuwar bishiya ta wadatar. Malam kuwa ba lokacin hutunsa ba ne. Zagayawa zai yi ƙungiya ƙungiya yana saurare, yana lura da wanda ya karanta da wanda ya zo hannu rabbana, ya kuma ware minti 10 na ƙarshe don Magatakardan ƙungiya biyu ko uku su ba da rahoto. Masu fargabar jarrabawa su kwantar da hankali, gama tambayoyin adabi na neman ɗalibi ya bayyana halin ɗan wasa ko jigon labari da hujja, abin da da'irar ke koyarwa ke nan kullum.

Wannan aiki ba ya bukatar sabon gini ko na'ura daga waje. Abin da yake bukata shi ne 'yan kofen littattafai, da malamin da aka nuna wa hanya, da shugaban da zai yi haƙuri. Muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kaduna, da Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Horon Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, su sa wannan dabara cikin kwasa-kwasan da ake yi wa malamai lokacin hutu. Malamin da ke karanta wannan shafi kuwa ba sai ya jira takarda daga sama ba. Ya zaɓi aji ɗaya da littafi ɗaya, ya gwada darasi ɗaya a mako har ƙarshen zango, sa'an nan ya duba ko yaran layin baya sun fara ɗaga hannu. Ɗalibai ma suna iya kafa tasu da'irar da maraice a zauren gida, kamar yadda magabatansu ke bita bayan an tashi daga gaban malam. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.