Tsakuwar ƙoda ta fita, me ya sa ciwon bai tafi ba?

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maijirgi da karkarar Tasawa da Mayahi, zufa kan ƙwace ruwan jiki, fitsari ya yi kauri, tsakuwa ta samu damar haɗuwa a ƙoda. Ƙaramar da ba ta kai milimita 5 ba galibi takan fita da kanta.

Sai dai a hanyarta takan kankare bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, ya kumbura. Shi ya sa ake jin raɗaɗi wajen fitsari, yawan matsuwa, ciwon kwiɓi ko ɗan jini. Wannan kan lafa cikin 'yan kwanaki.

Idan ya zarce mako guda, mai yiwuwa wata tsakuwar ta maƙale, ko ƙwayoyin cuta sun shiga. Jinin fitsari kuma kan iya zama tsargiya, musamman ga masu wanka a tabki. Awon fitsari da hoton ciki ne ke rarrabewa.

Zazzaɓi da rawar sanyi, amai ko tsayawar fitsari ba sa jiran gobe. A garzaya asibitin Tasawa, wanda kan tura mai tsanani Maradi.

A riƙa shan ruwa kamar lita 3 a rana, a rage gishiri. Kada a dinga shan diclofenac na kasuwa ba da izinin likita ba, domin yawansa na lahanta ƙoda.