Zangon tsuntsaye a tsakiyar birnin Niyu Yok

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san shamuwa. In ta sauka bisa itacen gari, sai mu ce damina ta kusa. In kaka ta yi, sai ta koma kudu. To, a ƙasar Amurka ma akwai tsuntsaye matafiya irinta.

Niyu Yok babban birni ne na Amurka. Mutanensa sun fi miliyan 8. Ko'ina sai dogayen benaye da kwalta. Amma a tsakiyarsa an bar wani makeken lambu, ana ce da shi Santaral Fak. An buɗe shi a shekarar 1858. Tsawonsa kilomita 4, faɗinsa mita 800. Akwai itatuwa da ciyawa da tabkuna a ciki. Ba a noma, ba a kiwo, ba a farauta.

Sau biyu a shekara tsuntsaye suke ratsa birnin. A watan Afrilu da Mayu suna tafiya arewa don su yi ƙwai. A Satumba da Oktoba suna komawa kudu don gudun sanyi. Yawancin ƙananansu da dare suke tafiya. In gari ya waye, sun gaji, suna jin yunwa. Sai su hangi lambun nan, su sauka, su sha ruwa, su ci ƙwari. Kamar dai ayari ne ya iske rijiya. An ga iri fiye da 200 a wurin.

Da sassafe mutane suke fitowa kallonsu, yara da tsofaffi. Kowa yana riƙe da madubi mai jawo nesa kusa. Suna tafiya sannu, ba hayaniya. Suna rubuta sunan tsuntsun da suka gani, da yawansa, da ranar.

A da, al'adar waɗansu mutanen ƙasar ce su yi gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti. A shekarar 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce gara a ƙidaya su. Mutum 27 suka fara, a wurare 25, har da lambun nan. Har yau ana wannan ƙidaya kowace shekara.

Ƙidaya ta tona abin da ido bai gani ba. A 2019 masana suka haɗa lissafin shekaru da yawa. Suka tarar tsuntsayen Amurka da Kanada sun ragu da kusan biliyan 3 tun 1970. Babban dalili shi ne ɓacewar daji da fadama. Akwai kuma maganin ƙwari, da gilashin benaye da suke karo da shi.

Wannan asara ta shafi manomi, don tsuntsaye da yawa ƙwari suke ci. Shamuwarmu ma fara take ci. Matafiyi kuwa ba ya kai gida in babu zango. Itacen da ka bari a gona, da tabkin da ba a ɓata ba, su ne zangonta.