Lissafin da ke Ƙunshe Cikin Keso Guda

Kafin kuɗin Turawa su kori wuri daga kasuwar birnin Zariya a farkon ƙarni na 20, da keso ake ƙulla babban ciniki, wato wuri 20,000, zambar ashirin a bakin mutanen da. Mai ƙirga yakan zauna a ƙasa yana jan wuri biyar-biyar da yatsu, yana tara su tsibi-tsibi, metan-metan, har tsibi 100 su cika. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Keso guda dala 8 ke nan cif.

Wannan daidaito ba banza ba. In aka yi ta raba 20,000 gida biyu, sau biyar za ta rabu kafin a tsaya a kan 625, ita kuma 625 biyar ce aka ninka sau huɗu. Ashe duk girmanta, da 2 da 5 kaɗai aka gina ta. Shi ya sa lambobi 30 ke raba ta ba saura, ciki har da 16, 25, 200 da 2,500, kuma shi ya sa ta dace da hannun ɗan kasuwa mai yatsu biyar.

Malaman hisabi na da sun kasa lambobi gida uku: tammi, za'idi da naƙisi. Ana haɗa duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimla ta yi daidai da ita, tammi ce, kamar 6 da 28 da 496, kuma irinsu ba su da yawa ko kaɗan. In ta gaza, naƙisi. Na keso kuwa sun kai 29,203, sun zarce ta da nisa, don haka za'idi ce. Sai dai ba a jera ta murabba'i: 141 sau 141 ya tsaya a 19,881, 142 sau 142 kuma ya tsallake zuwa 20,164.

Inda keso ke cijewa shi ne wajen rabon gado. A ce an kawo shi zauren wani malamin fara'ili a Unguwar Kona. Sumunin matar mamaci ya fita lafiya, 2,500. Rubu'i ma haka, 5,000. Da an zo sulusi sai a sami 6,666 da ragowar wuri 2, sudusi kuma 3,333, nan ma wuri 2 na zaune, tunda babu 3 a jikin lambar, wuri kuwa ba ya fasuwa ya ci gaba da zama kuɗi. Sai an ƙara wuri 16 an kai 20,016, wadda 24 ke rabawa sau 834, sannan sumuni da sulusi da sudusi su fita tare ba gardama.