Aure da mazaunin Faransa: yadda hanyar take daga biza zuwa takardar zama ɗan ƙasa

Idan aka ji ƴar wane ta auri wani da ke zaune Faransa, abin da ake fara tambaya cikin gari shi ne: "To, yaushe za ta tashi?" Wasu ma suna ɗauka da an shafa fatiha an raba goro, shi ke nan amarya ta zama ƴar Faransa. Ba haka abin yake ba. Tsakanin ranar ɗaurin aure da ranar da za a iya neman takardar zama ɗan ƙasa akwai aƙalla shekara 4, kuma kowane mataki yana tsaye bisa abu biyu: takardu masu kyau, da zaman aure na gaskiya.

Kowace ƙasa da tata doka. Yau kan Faransa za mu tsaya. Za mu riƙa cewa "amarya" da "miji" don sauƙin bayani, amma dokar ɗaya ce ko da namiji ne zai bi matarsa can.

Tambayar farko: wace takarda ke hannun mijin?

Iyaye, kafin komai ku san wannan. Zama a Faransa daban, zama ɗan Faransa daban. Mutum na iya shekara 20 a Paris ko Lyon da katin zama kawai.

Idan katin zama ke gare shi, hanyarsa ita ce wadda ake kira regroupement familial, wato haɗa iyali. Sai ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida, yana da abin shiga tsayayye da ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar, yana kuma da ɗakin da zai ishe su. Shi zai kai dosiye ga hukumar OFII mai kula da baƙi, perefen yankinsa ya yanke hukunci. Matar kuma dole ta cika shekara 18. Wanda ba shi da takarda ko ɗaya kuwa, ba shi da hanyar ɗauko mata, komai daɗin bakinsa a waya.

Idan kuma yana da takardar ɗan ƙasa, to ga hanyar da ke gaba.

Fatiha daban, takarda daban

A wurinmu waliyyin amarya da wakilin ango su ke ɗaura aure. Ango na iya kasancewa a Marseille, a ɗaura masa aure a Tasawa ko Madawa, kuma aure ya ɗauru a addini da al'ada. Amma dokar Faransa ta ce ɗan ƙasarta, ko a waje zai yi aure, sai ya halarta da kansa. Auren da aka yi ta bakin wakili ba su karɓarsa. Nan dosiye da yawa ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba.

Tsarin da suke so shi ne wannan. Tun kafin auren, mijin ya nemi takardar da ke shaida ba abin da ya hana shi aure, daga ƙaramin ofishin jakadancin Faransa. Za a liƙa sanarwar auren, kuma ana iya kiran su biyun a yi musu tambayoyi, wani lokaci kowa shi kaɗai: ina kuka haɗu, wane aiki yake yi, su wa suka halarci neman auren. Bayan nan a yi auren gaban hukuma, a karɓi takardar aure daga meri. Sai a kai wannan takardar a rubuta ta cikin kundin Faransa, abin da suke kira transcription. Babban ofishin wannan aiki yana birnin Nantes, kuma mai gabatar da ƙara na can yana da ikon tsaida dosiye idan ya yi shakkar auren. Sai an gama wannan rubutun ne Faransa ke ɗaukar amarya a matsayin matar ɗan ƙasarta.

A nan ne takardar haihuwa ke nuna amfaninta. Idan suna a takardar haihuwa Aïchatou ne, a fasfo kuma Aïssa, ko shekarar haihuwa ta bambanta tsakanin takardu biyu, to an samu tsaiko na watanni. Wadda ba a yi wa takarda ba lokacin haihuwa, sai ta bi ta kotu a yi mata hukuncin da ke maye gurbinta. A gyara wannan tun da wuri, kuma ta hanyar gaskiya. Kar a biya wani ya ƙaro shekaru ko ya rage.

Wata wahalar kuma: tun watan Janairun 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai yake rufe. Ke nan masu wannan nema sai sun tsallaka wata ƙasa, da kuɗin mota, da masauki, da jiran randebu. Iyali su sa wannan cikin lissafi kamar yadda ake sa kayan ɗaki.

Biza da shekarar farko

Da auren ya shiga kundinsu, amarya za ta nemi bizar dogon zama ta matar ɗan ƙasa. Wannan bizar ba a biyan kuɗinta, kuma doka ta taƙaita dalilan hana ta: in an gano maguɗi, in an rushe auren, ko in ana ganin mutum barazana ne ga zaman lafiyar jama'a. Duk wanda ya ce ku ba shi miliyoyi "ya san wani a ciki", ku riƙe kuɗinku.

Bizar tana aiki shekara 1, tana kuma ba da damar yin aiki. Amma cikin wata 3 da sauka, dole a tabbatar da ita ta intanet. Wadda ta manta, zamanta ya fita daga ƙa'ida ba ta sani ba. Daga nan OFII za ta kira ta, ta sa hannu kan yarjejeniyar shiga cikin al'umma, a gwada Faransancinta, a sa ta darussan harshe da na dokokin ƙasa.

Kafin shekarar ta cika, sai a nemi katin zama a ofishin perefe, wanda yawanci na shekara 2 ne. Idan aure ya kai shekara 3, ana iya neman babban kati na shekara 10. A kowane mataki tambayar ɗaya ce: har yanzu kuna tare? Za su so ganin takardar hayar gida, ta wutar lantarki, ta haraji, da sunayen mutum biyun a adireshi ɗaya. Don haka ƴar'uwa, ki tabbata sunanki na cikin takardun gidan, ki kuma ajiye kofin kowace a wurinki.

Takardar zama ɗan ƙasa

Sai aure ya cika shekara 4 ake shigar da wannan buƙata. Yana zama shekara 5 idan tun bayan auren ba a yi shekara 3 a jere cikin Faransa ba. Dole mijin ya kasance ɗan ƙasa tun ranar auren, kuma ana zaune tare har yanzu. Za a yi bincike, a kira su biyun a tattauna da su.

Sai maganar harshe, wadda ta ƙara tsauri. Daga 1 ga Janairun 2026, matakin Faransancin da ake nema ya tashi daga B1 zuwa B2, a baki da kuma a rubuce. B2 ba gaisuwa da cinikin kasuwa ba ne. Mataki ne na wanda zai karanta jarida ya fahimta, ya rubuta wasiƙa, ya kare ra'ayinsa. Katin shekara 10 ma yanzu B1 yake nema. Kun ga ke nan yarinyar da aka fitar daga lakkal don aure, an rage mata hanya tun daga gida. Watannin da take jiran biza, ta sa su cikin karatu.

Karɓar takardar Faransa ba ya raba mutum da ta gida. Tun gyaran dokar 2014, Nijar ta amince ɗanta ya riƙe takardar ƙasa biyu.

Abubuwan da ke rusa komai

Na farko, auren takarda, wato a biya wani a yi auren ƙarya don samun kati. Hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 15.000, kusan miliyon 10 na sefa. Ko bayan an ba da takardar ɗan ƙasa, idan ma'auratan suka rabu cikin wata 12, doka na ɗaukar cewa da maguɗi a ciki, kuma ana iya ƙwace ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Addininmu da al'adarmu sun halatta, amma Faransa ba ta ba da katin zama ga wanda ke zaune da mata biyu a ƙasarta. Idan mutum na da mata can ya zo ya auri ƴarku ta biyu, ku sani ba ta da hanyar bin sa a matsayin mata. A yi wannan tambayar a fili ranar neman aure, ba a bar ta sai bayan biki ba.

Na uku, rabuwa tun da wuri. Idan aure ya mutu a shekarun farko, katin zama na iya tafiya da shi. Wannan ne makamin da wasu maza ke riƙe mata da shi: "In kin fita, a maida ke gida." To ku ji da kyau. Idan duka ko cin zarafi ya sa mace ta bar gidan, doka ta hana a ƙwace mata kati, ta kuma ce a sabunta mata shi. Ta je likita ta karɓi takarda, ta kai ƙara wurin ƴan sanda, ta kira lamba 3919, wadda kyauta ce. Fasfonta kuma nata ne, ba mai ikon ɓoye mata shi.

Ƴan'uwa da ke can, ku faɗa wa na gida gaskiyar takardar da ke hannunku da tsawon jiran da ke gaba. Iyaye kuma, kafin ku karɓi goro, ku tambayi abu uku: wace takarda gare shi, yana da wata matar, kuma zai zo da ƙafarsa a rubuta auren a meri? Wanda ya zo da niyyar alheri ba zai ji nauyin amsa su ba.