Ciwon Ƙugun da Ake Ɗora wa Sanyi



Akwai wani ciwo da ke addabar matasa majiya ƙarfi, musamman 'yan ƙwallo, amma kullum sanyi ake ɗora wa laifinsa. Mazauninsa gindin cinya, daidai inda kaluluwa ke fitowa. Mutum ya tsuguna, ko ya daɗe a kan babur, ko ya tanƙwashe ƙafa bisa tabarma, sai ya ji kamar an soke shi.

Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo. A jikin wasu, wuyan ƙashin kan yi ɗan tozo, galibi tun lokacin balaga idan yaro ya yawaita wasanni masu ƙarfi. Wasu kuwa bakin ƙoƙon ne ya zarce. Da an naɗe ƙafa sai ƙashi ya tokari ƙashi, guringuntsin bakin gurbin ya riƙa yagewa sannu a hankali. Likitan ƙashi Reinhold Ganz da abokan aikinsa na birnin Bern a Suwizalan ne suka fayyace wannan a 2003, suka kuma danganta shi da lalacewar gaɓa tun kafin tsufa.

Likita kan kwantar da mutum rigingine, ya naɗe gwiwarsa, ya karkata ta ciki, ya murza. In ciwon ya motsa, sai a ɗauki hoton ƙashi. Amma fa a kula, hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, domin mutane da yawa suna da tozon nan kuma lafiyarsu ƙalau. Sai koken majiyyaci da gwajin likita da hoton sun zo ɗaya.

Mai sikila kuwa kada ya ɓata lokaci. Nasa ciwon ƙugun yana iya zama jini ne ya daina isa kan ƙashin.

Magani yana farawa ne daga atisayen ƙarfafa tsokar ɗuwawu da ta ciki a hannun likitan gashin ƙashi, tare da rage dogon tsuguno. In an yi watanni ba sauƙi, akwai tiyatar da ake zura siririyar kyamara a kankare tozon. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 348, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna duka hanyoyin biyu na taimakawa, tiyatar ta ɗan ɗara.

Abin da ke damuna shi ne masu kwashe shekara guda suna haɗiyar ƙwayar kashe raɗaɗi daga kemis, alhali tana iya illata ciki da ƙoda. Ɗan'uwa, in ciwon nan ya kai wata uku bai sake ka ba, don Allah ka je asibiti a duba ka.